Sun Yi wa Babana Dariya a Ofishina

Lamont Broadnax ya ci abincin uwata Lahadi goma sha tara a jere, sannan ya ɗauki babana ya kai shi kasuwa. Ba zan sassauta maganar ba, kuma masu turo mini saƙo cewa in yi masa uzuri su daina wahalar da yatsunsu. Mutumin da zai riƙe hannun tsohonku ana addu'ar cin abinci, alhali kyamararsa tana kunne a kan kanta, ba kuskure ya yi ba. Amana ya ci.

Amma tunda na ce gaskiya zan faɗa a shafin nan, nawa laifin ma sai na faɗa.

Sunana Renita Gaskins, shekarata arba'in da shida. Ni ce shugabar wata tasha a nan Atlanta, irin wadda ake kallo ta intanet a waya ko a talabijin, wadda aka kafa don labaranmu na baƙar fata. Ban yi jami'a ba. Ina 'yar sha tara na fara da ɗaga waya a wata ƙaramar tashar talabijin a Macon. Takardun ƙididdigar masu kallo da manya ke jefawa a kwandon shara su nake tsincewa, in tafi da su gida in karanta har na gane abin da ke sa mutum ya tsaya a tasha da abin da ke sa ya canja. Daga nan aka ba ni tsara jadawalin shirye-shirye. Na yi shekara tara a Los Angeles, inda ranar da na fara shiga ɗakin taro wani ya miƙo mini kofinsa ya ce madara kaɗan. Na karɓa na ajiye, na zauna a kan kujerar mai jagorantar taron, don tawa ce. Shekara shida ke nan da dawowata gida na karɓi tashar nan tana numfashi da ƙyar, yau gidaje miliyan uku ke kallonmu.

Duk wannan a wurin uwata, Mama Verlene, bai kai zoben aure ɗaya ba. Takan ce ta ji, ta gode wa Allah, amma ranar da na kwanta ciwo ta ga ko tashar za ta zo ta ɗumama mini miya. Ita ta kawo Lamont. Furodusa ne mai ɗan kamfaninsa, kuma shi ke kula da kyamarorin cocinmu. Shekararsa arba'in da tara, matarsa ta rasu, gemunsa da ɗan furfura a gefe kamar da gangan aka sa. Kwat ruwan toka, hankici a aljihun ƙirji, takalmi yana sheƙi. Kowace safiya bakwai saura kwata saƙonsa zai shigo: "Shugaba, kin karya kuwa, ko kofi ne kawai kamar kullum?" Ni da nake korar mutane daga aiki ba tare da muryata ta yi rawa ba, sai in sami kaina ina murmushi ni kaɗai a madafa. Kada wadda ta yi mini dariya. Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya tambaye ni ko na karya.

Babana, Ozell Gaskins, Dikon ne, wato dattijo mai hidima a coci, shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa bas ɗin gari. A coci shi ke jan waƙar buɗe sujada, ya ba da baiti jama'a su amsa suna ja a hankali, kuma idan ya ɗaga murya har tagogi sai sun sani. Shekara biyu ke nan da ciwon mantuwa ya kama shi. Wata rana ya san ni, wata rana ya tambayi Mama wace ce baƙuwar. Ni kuwa, ga laifina na farko, zuwana gidan ya koma na Lahadi kawai, minti arba'in, waya a hannu. Lamont ne ya ɗauki Laraba. Ya zo ya zauna da Baba, Mama ta samu ta je gyaran kai da nazarin Littafi Mai Tsarki. Ya ce cocin na shirin bikin cika shekara saba'in da biyar, yana ɗaukar tsofaffi suna ba da tarihi. Na ga kyamarar da idona a kan kanta, tsakanin hoton aurensu da kwanon alewa. Ni da na yi shekara ashirin da bakwai a sana'ar nan, ban tambayi komai ba.

A tasharmu akwai doka, kuma ni na rubuta ta, bayan na kori wani da ya saya wa tasha shirin budurwarsa. Duk wanda ke da alaƙa da mai kawo shiri, ya sanar, ya cire hannunsa gaba ɗaya. Ba ya gani, ba ya tambaya, ba ya zama a ɗakin. Da Lamont ya ce yana da abin da zai kawo mana, washegari na je ofishin lauyar tasha, Priscilla Dunwoody, na sa hannu. Komai ya koma wurin mataimakiyata, Shondra. Na ce wa Lamont ko sunan shirin kada ya faɗa mini. Ya dafa ƙirji ya ce shi ya sa yake girmama ni. Mako shida ina tafe ina jin kaina mai gaskiya, ashe ƙofa na buɗe masa na juya baya.

Ranar Talata muke zaman zaɓe. Mutum goma sha huɗu a dogon tebur, ana nuna gajeren samfurin kowane shiri, minti huɗu ko biyar, a ce a saya ko a bari. Ranar ina sanye da siket da kwat ruwan bula, da 'yan kunnen lu'ulu'un da Lamont ya ba ni. Da Shondra ta ce na gaba na kamfanin Broadnax ne, na tattara wayata na fita, na ja ƙofar gilashin. Na tsaya a baranda ina ba Mama amsa. Tun safe take turo mini hotunan launin rigar taron dangi na watan Yuli, wai shunayya ko ruwan zinare, kuma wai ta sa a ɗinka wa Lamont tasa. A ƙarshen saƙon ta rubuta: "Ki sa a ranki akwai abin da zai faru a taron nan. Ban ce komai ba." Ta riga ta gaya wa rabin matan coci.

Sai na ji dariya daga ɗakin. Ba irin ta ladabi ba, irin wadda ake buga tebur. Har na ji daɗi a raina, na ce Lamont ya iya aiki. Sannan na ji muryar babana.

Na juya. Ta gilashin ina hango allon. Babana ne zaune a kujerar cin abinci, singileti da laktaye, wandon barci, hular direbansa a kai, yana juya murfin tukunya kamar sitiyari, yana kiran sunayen tituna. Ga Mama ta fito daga madafa ba hular gashinta, kanta a buɗe, abin da ko maƙwabta ba su taɓa gani ba, yana ce mata madam ki biya ko ki sauka. Sai aka nuno shi ya miƙe ya fara waƙar coci, ya kai tsakiyar baiti ya tsaya, baki a buɗe, ido yana yawo. Aka sa wani ɗan kiɗa na ban dariya a kai. Rubutu ya fito da manyan baƙaƙe: Gidan Dikon O.

Ba wanda ya san shi a ɗakin. Ban taɓa kawo iyayena ofis ba, hoton da ke teburina kuwa na shekara ashirin baya ne.

Ban shiga ba. Na tafi banɗaki, na dawo, na wuce ƙofar, na sauka matakala hawa shida da takalmi mai tsini, na shiga motata, na fito, na sake hawowa. Muryar dariyar Shondra ce ke bi na, don na san ta. Ni na koya musu ƙirga dariya. Ni na ce samfurin da bai sa ɗaki dariya cikin daƙiƙa arba'in na farko ba, ba ma saye. Na sayi shirin wata tsohuwa mai zagin surukanta, na sayi na wasu 'yan'uwa masu dambe a wurin jana'iza, na karɓi kyauta a kansu ina godiya ga Allah a gaban jama'a. Su ma suna da 'ya'ya. Ban taɓa tambayar a wace baranda 'ya'yan suka tsaya ba. Wannan laifina na biyu ke nan, kuma ya fi na farko.

Na je ofishin Priscilla. Ta saurare ni har na gama, ta cire tabarau ta ce ta tausaya mini, amma a matsayina na shugaba ba ni da ta cewa, dokata ce. Ta ce ɗakin ya amince da shirin baki ɗaya. Ta ce ko da tasha ta ƙi, takardunsa cikakku ne, matar tsohon ta sa hannu a madadinsa, yana iya ɗauka ya kai ko'ina gobe, kuma da yadda aka yi dariyar nan ba zai yi mako ba a saya. Sai ta dube ni ta tambaya, a shari'ance wa ke sa wa tsohon hannu, matarsa ce ko akwai wani.

Amsar tana cikin aljihun teburina a gida.

Makon da likita ya faɗa mana sunan ciwon, Baba ya kira ni ya ce in kai shi aski. Ba aski muka je ba, wurin lauya muka je. Da hankalinsa ƙalau ya sa hannu cewa idan kansa ya tafi, ni ce mai yanke masa komai. A mota ya ce mini uwata tana da zuciya mai yarda da kowa, duk wanda ya yabi girkinta ya gama da ita, kuma ba ya son nauyin ya faɗa mata. Ya ce kada in gaya mata sai ya zama dole, don za ta ɗauka ya raina ta. Shekara hamsin da ɗaya suna tare. Na yi masa alkawari.

To ga inda na tsaya. In na fito da takardar, sa hannun Mama ya zama banza, shirin ya mutu, amma Mama za ta san mijinta da 'yarta sun ɓoye mata shekara biyu. In na bar ta a aljihun tebur, mutumin da ya ja waƙa a gaban ikilisiya shekara arba'in zai zama abin turawa a waya ana kwasar dariya.

Na kira Lamont na ce ya same ni da ƙarfe ɗaya a gidan gashin haƙarƙari da muke zuwa. Ya iso da fara'arsa, ya ja kujera ya ce Shondra ta kira shi, yau shi zai biya kuɗin abincin. Na ce na gani. Bai ko firgita ba. Ya warware adiko ya shimfiɗa a cinya.

"Da ma za ki gani, Shugaba. So na yi ki gani bayan ɗakinki ya ce e, don ki san ba don ke aka saya ba."

"Babana ne, Lamont."

"Na sani. Ni nake zama da shi Laraba. Ke kin san yanzu ba ya cin ɓawon burodi? Kin san sunan da yake kira na da shi?"

Ban sani ba. Ya ga ban sani ba.

Ya ci gaba da cewa gidaje nawa ne na baƙar fata ke ɓoye irin wannan ciwon a ɗakin baya don kunya, shirin zai buɗe musu baki. Ya ce dariya ce ƙofa, daga baya a yi kuka. Kalmomina ne, a taron masu shirya fina-finai na faɗe su, yana zaune a layi na biyu. Na tambaye shi me ya ce wa Mama lokacin da ta sa hannu. Ya ce ya ce mata takardar ɗaukar hoto ce, kuma takardar ɗaukar hoto ce, ba wanda ya hana ta karantawa.

"Shafi nawa?"

"Goma sha ɗaya. Irin taku ce, daga wurinku na kwafa."

Na ce ya janye shi. Ya ajiye cokali mai yatsu ya ce shekara ashirin yana ɗaukar bukukuwan aure da wa'azin Lahadi, wannan ne karo na farko da ɗaki ya tafa masa, ba zai janye ba. In mun ƙi akwai masu so. Ya ce in huce, zuwa Yuli duk mun zama gida ɗaya, abin na iyali ne. Kafin in miƙe ya danna wayarsa, tawa ta yi ƙara. Samfurin ne ya turo, ya rubuta a ƙasa: "Ki kalla da idon shugaba, ba da idon 'ya ba."

Na bi shawararsa. A cikin mota na kalla sau huɗu da idon shugaba. A na uku na ga abin. Lokacin da Baba ya fara waƙar, kofin shayi mai sanyi da ke gabansa cike yake, rana tana kan kafaɗarsa ta dama. Lokacin da aka nuno shi baki a buɗe, kofin ya kai rabi, ranar ta bar kafaɗar. Yanka aka yi. Fuskar daga wani lokaci daban aka ɗauko ta aka manna. Na san aikin, na sha sa a yi.

Na biya gida na ɗauki takardar. Sau uku na zaga layin su Mama kafin in tsaya. Na tarar da ita a falo tana gugar farar rigar da take sawa coci Lahadin farkon wata, farar hula da safar hannu suna kan kujera, gidan yana ƙamshin ganye da wuyan talotalo. Baba yana barcin rana a kujerarsa, bargo a gwiwa. Ta dube ni ta ce yau Talata, wa ya mutu.

Na faɗa mata a tsaye, a taƙaice. Ba ta daina gugar ba. Ta ce ita ta san halina, duk namijin da ya matso sai na binciko masa laifi kamar 'yar sanda. Ta ce yaron ya gaya mata hoton zai taimaki mutane.

"Nita, shekararki arba'in da shida. Wa ya aske wa ubanki gemu makon jiya? Ke ce?"

"Ba ni ba ce, Mama."

"Wa ya ɗaga shi da ya zame a banɗaki? Na kira ki, yarinyar ofishinki ta ce kina taro."

"Gaskiya ne."

"To ki bar ni in gama guga."

Na jingina wayar da gwangwanin sitaci a kan teburin gugar, na kunna. Ta kalla don ba yadda za ta yi. Da aka nuno ta kai a buɗe, hannunta ya tafi kanta da kansa. Da Baba ya ce ta biya ko ta sauka, har ta ɗan yi murmushi, ta ce ai ta biya, da maɓalli ta biya. Sai waƙar ta zo, ya tsaya, kiɗan ya shiga. Ta tsayar da dutsen gugar a gindinsa.

"Mayar baya."

Na mayar. Ta matso da fuskarta kusa da wayar.

"Ya ƙarasa waƙar nan," in ji ta. "Ina wurin. Baiti huɗu, bai tsallake kalma ɗaya ba. Ranar ce kaɗai cikin watan nan ya kai ta ƙarshe. Na zauna a bakin matakala na yi kuka, yaron nan ya miƙo mini hankicinsa."

Na nuna mata kofin, na nuna mata ranar. Ba ta buƙata. Ta zare wayar dutsen gugar daga bango, ta zauna a hannun kujera kusa da farar hularta. Ta daɗe tana kallon Baba yana barci. Sannan ta ce da ƙaramar murya ita ta sa hannu, ita ta sayar da shi, yaron nan bai ma bar ta ta ɗauko tabarau ba, yana ta yabon kek ɗin dankalinta. Ta tambaye ni ko akwai abin yi, ko shi ke nan.

Jakata tana kafaɗata. Na yi tunanin in ce lauyoyi za su san dabara, in je in yi abin a ɓoye. Amma takarda irin wannan in ta fita, sunan Mama zai shiga wasiƙar lauya, a rubuta cewa ba ta da ikon sa wa mijinta hannu. Gara ta ji daga bakina. Na ciro na miƙa mata.

Wannan karon sai da ta ɗauko tabarau. Ta karanta kowane layi, yatsa yana bi. Ta tsaya a kan kwanan wata.

"Ranar askin," ta ce.

"Ya ce ba ya son nauyin ya faɗa miki."

"Ya ce me kuma?"

Na kau da kai ina gyara jakata.

"Nita, da ke nake."

"Ya ce kina yarda da kowa."

Ta ninke takardar yadda take, ta miƙo mini. Ta ce to bai yi ƙarya ba. Ta ce in je in yi abin da ubana ya sa ni. Daidai lokacin Baba ya buɗe ido, ya dube ni da ladabi, ya tambaye ta wace ce wannan. Ta gyara masa bargon ta ce, "Mai kula da kai ce, Ozell." Ba ta ce 'yarka ba.

Ranar Laraba na ɗauki hutun kwana ɗaya, na farko cikin shekara uku. Na sa doguwar riga baƙa mara ado, na cire 'yan kunnen na sa a ambulan don a mayar wa Lamont. Ban shiga ta ƙofar ma'aikata ba. Ta ƙofar baƙi na shiga, na rubuta sunana a littafi, mai gadi yana ta kallona yana cewa ranki ya daɗe lafiya, na ce ya ba ni katin baƙo kamar kowa. Na zauna a benci minti ashirin har Priscilla ta aiko a hau da ni. Na ce mata ba shugaba ce ta zo ba, 'yar Ozell Gaskins ce, mai riƙe da ikonsa, ta kawo ƙara a kan wani furodusa da ya ɗauki marar lafiya ba izini, ya yaudari matarsa, ya kuma yanka hoto don ya ƙaga abin da bai faru ba. Ta karɓi takardar, ta kira mai tashar a gabana. Aka nemi ɗanyen hoton daga Lamont bisa yarjejeniyarsa da mu. Waƙar tana ciki, baiti huɗu cif.

Shondra ta same ni a matakala idonta jawur, ta ce da ta sani da ba ta yi dariya ba. Na ce mata matsalar ke nan, ba sai ta san uban wa ne ba kafin ta ƙi yin dariyar. Na ce ranar Talata mai zuwa za mu sake duba duk abin da muka saya, kuma dokar daƙiƙa arba'in ta mutu. Ko mai tashar zai bar ni a kujerata bayan na taɓa shirye-shiryen da ke kawo mana jama'a, ban sani ba tukuna.

Saƙonnin Lamont sun yi ta shigowa. Na farko ya ce na yi amfani da muƙamina. Na biyu ya ce in tuna Larabobin. Na uku hoton zobe ne a cikin akwatinsa, ba rubutu. Ban amsa ko ɗaya ba. Washegari bakwai saura kwata na sami kaina tsaye a madafa ina kallon wayar, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji zafin shirun.

Ranar Lahadi Mama ta sa farar rigarta da hularta, ta shiga ofishin Fasto ita kaɗai kafin sujada. Bayan an tashi na bi ta gida kamar kullum. Ta zuba mini abinci, ta tura mini burodin masara, ba ta zauna ba. Da zan tafi ta ce in ajiye mata makullin gidan a kan kanta, in ina son ganin ubana in buga ƙofa za a buɗe mini, tunda ni ce mai iko. Na ajiye. Na ce zan zo Laraba. Ta ce ta ji.

Shi kuwa Lamont Broadnax, tasha ta soke yarjejeniyarsa. Kotu ta hana shi nuna hoton ko sayar da shi, ta sa ya miƙa duk abin da ya ɗauka a gidanmu. Fasto ya karɓe makullin ɗakin kyamara, ya zaunar da shi shekara guda a bencin baya na coci a matsayin horo. Babu tashar da ke ɗaga wayarsa a Atlanta.